Ranar da Aka Raba Jiragen Kaka

Kakana na wajen uwa ya rasu wata ranar Talata a tsakiyar daminar bana, a gidansa da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Ni da mamana a gidan muke zaune tun ina aji biyu na firamare, yanzu kuwa ina aji uku na sakandare. Ban iya magana a gaban mutane ba, kowa a unguwarmu ya san haka. Shi ya sa nake rubuta wannan, don kada abin da na gani game da shi ya tsaya a cikina ni kaɗai.

Matan zumunta na cocinmu ne suka fara zuwa. Suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suka kama waƙa, wata tana buga bakin tulu da tafin hannu. Maƙwabta suka cika ƙofa. Matar da ke sayar da gawayi a bakin layinmu ta shigo tana kuka tana cewa, "Wa zai ƙara zagin gawayina? Kullum in ya wuce sai ya ce, Mama, wannan naki ko butar shayi ba zai ja ba, balle tarago." Mata suka yi dariya da hawaye a fuska.

Wajen ƙarfe biyu sai ga tsofaffin ma'aikatan reluwe. Ba ta titi suka zo ba. Ta kan dogo suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana auna takunsa daidai da katakan da ke ƙarƙashin ƙarfen. Akwai masu hula da carbi, akwai masu tsohuwar kwat da Littafi Mai Tsarki a hammata. Aka ba su kujeru suka ƙi zama. Suka tsaya ƙarƙashin mangwaro, ba kuka, ba hira. Suna nan tsaye jirgin kudu ya taso. Direban ya danna hon tun daga nesa, bai saki ba har ya wuce bayan gidanmu, har matan zumunta suka yanke waƙa. Na ga tsofaffin nan sun dubi wuyan hannunsu gaba ɗaya, har da waɗanda ba su da agogo. Baba Alhaji, tsohon direban dizal, babban abokin Kaka kuma abokin faɗansa, ya ce, "Ya makara da awa huɗu." Daga nan ya rufe fuska da hannun babbar riga.

A wannan ranar ce na yi abin da har yanzu yake hana ni sakewa. Anti Babba, yayar mamana, ta iso daga Kaduna ta shiga share ɗakin Kaka saboda baƙi za su kwana a ciki. Ta jawo gwangwanayen madara uku daga ƙarƙashin gado, cike da fim ɗin da aka riga aka wanke. Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken ƙofa.

"Kai, Baba da tara shara! Ku duba, duk sun lalace. Sama baƙi ƙirin, jirgi fari fat."

Ta fito ta juye su a murhun da ake dafa wa baƙi shinkafa. Ina tsaye da kwanon ruwa a hannu. Na san ba lalacewa suka yi ba. Kaka yana kiransu uwar hoto, domin daga jikinsu ake wanko hoto sau nawa aka ga dama. Na buɗe baki, amma mata sun kai ashirin a wurin, duk manya. Ina cikin shirya yadda zan faɗa, suka nannaɗe, suka narke, wani wari mai ɗaci ya tashi. Daga wannan lokacin kusan kowane hoto da ke cikin akwatin ƙarfen Kaka ya zama shi kaɗai ne irinsa a duniya.

Kaka ya fara aiki a reluwe yana saurayi, yana zuba wa kan jirgi kwal da shebur. Daga baya ya zama direba. A bayan hannuwansa akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe inda tartsatsi ya taɓa cinsa, kuma kunnensa na dama ba ya ji sosai. Da ya ji ana cewa za a daina aiki da jiragen tururi, sai ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani mai hoto da ke barin gari. Irin wadda ake ratayawa a wuya ce, ta sauko kan ciki, a leƙa ta sama. In zai ɗauki hoto sai ya cire hula ya sunkuyar da kai, wanda bai sani ba sai ya ɗauka gaishe da jirgin yake yi. Hoto goma sha biyu ne a fim ɗaya, kuma fim ɗaya yakan kai shi daga Kirsimeti zuwa Kirsimeti. Bai taɓa ɗaukar biki ba, bai taɓa ɗaukar mu jikokinsa ba. Mama ta taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Ku ai kuna nan. Su ne za su tafi."

Ni ban taɓa ganin jirgin tururi yana tafiya ba. Na tarar da su a jere a bayan loko, inda ake gyaran jirage, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsu, zuma ta yi gida a cikin bututun hayaƙin wani. Kaka ya taɓa kai ni ya tsayar da ni a jikin ƙafa ɗaya. Ta fi ni tsawo. Ya ce in sa hannu a jikin ƙarfen, na sa, na ji sanyi.

"Da can in kika yi haka, Amarya, sai dai ki koma gida da hannu ɗaya."

Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika. Shekara biyu da suka wuce masu yankan ƙarfe suka zo da wutarsu suka yanyanka su, aka kwashe a manyan motoci. Duk kwanakin da aka yi ana wannan aiki Kaka bai fita ba. Ya rufe tagar ɗakinsa, ya kwanta a kan kunnen da yake ji da shi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci yake buɗe akwatin. Yakan zauna a baranda ya wanke hannu da sabulu, ya shanya su har su bushe, sannan ya fara ɗauko hotunan ɗaya-ɗaya ta gefe. Bai rubuta komai a bayansu ba. Da baki yake faɗa, kamar da kansa yake magana, ni kuwa ina gefe ina tsince wake. Kowane kan jirgi yana da sunan da ya laƙaba masa. Akwai Mai Tari, akwai Kurma wanda usur ɗinsa ba ya fita, akwai Ɗan Gata da ba ya hawan tudu sai an ba shi kwal mai kyau. A tagar kowanne akwai mutum, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, fuska baƙa da hayaƙi. Kaka yakan faɗi wane ne, da garinsu, da abin da yake ci a hanya, da ko yana raye. Ban taɓa yi masa tambaya ba. Amma wata rana Mama ta ce masa ya daina surutu shi kaɗai kamar mai taɓin hankali, sai ya ce, "Wa ya ce miki ni kaɗai ne? Dubi Amarya, tun ɗazu wake ɗaya take juyawa a hannu."

Wata rana wata tsohuwa ta zo daga wajen Zonkwa. Mijinta mai zuba kwal ne, ya rasu tuntuni, kuma ba ta da hotonsa ko ɗaya. Kaka ya daɗe yana bincike, sannan ya ɗauko wani ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama, fuskarsa ba ta fito ba. Hannunsa ne kawai da shebur." Ta kai hoton kusa da ido ta daɗe. Sai ta ce, "Shi ne. Haka yake lanƙwasa gwiwar hannu in yana noma." Kaka ya ɗauki uwar hoton ya taka har cikin gari aka wanko mata nata, ya sa a gilashi. Ta kawo masa citta rabin buhu, ya ce ta mayar, ita ma ta ƙi, har cittar ta kwana a ƙofar gida babu wanda ya taɓa.

Faɗansa da Baba Alhaji kuwa a kan dizal ne. Shekaru Kaka ya yi bai ɗauki kan jirgin dizal ko sau ɗaya ba. Suna zaune a baranda suna cin goro sai ya ce, "Wannan naku ai mota ce ta hau dogo. Ka murɗa makulli ka zauna kamar akawu."

"Kai dai kewar hayaƙi kake yi. Shekara talatin kana dawowa gida matarka ba ta gane ka sai ka yi wanka."

"Namu yana numfashi, Alhaji. In ya gaji za ka ji. Naku fa?"

"Namu yana isa Jos bai tsaya shan ruwa sau uku ba kamar jaki."

Kalmar jaki ce ta ɓata abin. Suka yi damina guda ba sa gaisawa. Da Kaka ya ji saura mako ɗaya Baba Alhaji ya yi ritaya, sai ya ɗauki kyamara ya ce in zo mu je. Ina da shekara tara. Muka bi gefen dogo muka nufi Kagoro, har inda hanyar ta yi kwana, dutsen ya tsaya a bayanta kamar bango. Muka zauna fiye da awa biyu. Can ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen ya ce, "Yana tafe." Ni ban ji komai ba. Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin silifas ɗina, ƙarar ta shiga ƙirjina, kan jirgin ya ɓullo daga bayan itatuwa, babba har ya tare dutsen. Kaka ya cire hula ya sunkuya. Jirgin ya wuce duka, tarago bayan tarago, bai danna ba.

"Kaka, ba ka ɗauka ba."

"Rana tana bayansa. Da na ɗauka da zai ce da gangan na baƙanta shi."

Muka koma ranar da Baba Alhaji ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. A ranar ya danna, sau ɗaya. Baba Alhaji ya gan shi daga taga, ya yi masa hon, washegari kuma ya zo da goro. Suka shirya. Amma Kaka ya ce ba zai ba shi hoton ba sai ya buɗe baki ya roƙa, shi kuma Baba Alhaji ya ce ba zai roƙa ba sai an kawo masa. Shekara shida suna haka, suna cin goro tare, hoton yana cikin akwati, mai shi bai taɓa ganinsa ba.

A danginmu, kwana uku bayan an binne babba, ana taruwa a raba kayansa ga dangi da abokai. Dokar ita ce, abin da aka miƙo maka ka karɓa da hannu biyu. Ba a zaɓe, ba a musaya, ba a mayarwa, domin ana cewa mamacin ne da kansa yake ba ka. Kawu, babban ɗan Kaka, shi ya yi rabon. Ƙanen Kaka, wanda muke kira Kaka Ƙarami, yana zaune a kujera yana kallo, don shi ne babba yanzu. Aka raba kwat, da rediyo, da agogo, da takalma. Kyamara ta tafi hannun wani ɗan Kawu. Sannan aka jawo akwatin ƙarfe.

Kawu ya buɗe ya juya hotunan da yatsa ya ce, "Jirgi ne duka. To, kowa ya samu ɗaya-ɗaya, don tunawa da Baba."

Ya fara ɗauka daga sama yana miƙawa, yadda ake raba goro a wurin suna. Ba mugunta ba ce. A idon Kawu da Anti da sauran dangi duk abu ɗaya ne, baƙin kai da hayaƙi. Na ga Mai Tari ya tafi hannun wata matar da za ta koma Legas washegari. Na ga hoton kwanar Kagoro ya tafi hannun mijin Anti Babba, ya kalle shi sau ɗaya ya fara fifita da shi. Aka zo kan Baba Alhaji. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya juya hoton a hankali. Kurma ne, jirgin tururin da bai taɓa tuƙawa ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Na gode. Allah ya jiƙansa." Ya sa a aljihu. Sauran tsofaffin ma haka, kowa ya karɓi jirgin wani ya yi godiya. Su baƙi ne a gidan makoki, ba za su ce komai ba. In da mai magana, sai dai daga cikin gida.

Na ji warin fim ɗin nan ya dawo mini a hanci. Na ce, "Kawu, ba nasa ba ne."

Babu wanda ya ji. Na miƙe tsaye, na sake faɗa.

Anti Babba ta ce, "Ke! Tun yaushe yara suke sa baki a rabon kaya? Zauna, mai bakin kurma, yau kika samu murya?"

Kawu ya ce, "Bar ta. Me kika ce?"

"Wanda aka ba Baba Alhaji ba nasa ba ne. Nasa yana hannun mijin Anti. Kowane hoto yana da mai shi."

"To ai ba matsala, 'yata. An riga an bayar. Daga baya sai a wanko wa kowa nasa."

"Ba za a iya ba. Uwayen hotunan sun ƙone ranar Talata."

Anti ta dube ni, ta dubi murhu, ta ɗora hannu a ka. "Waɗannan baƙaƙen? Wayyo Yesu! Kina tsaye kina kallona ba ki faɗa ba?"

"Na ji kunya, Anti."

Wani daga cikin dangi ya ce ko ma mene ne, abin da aka bayar an bayar, ba a taɓa mayar da kayan mamaci cikin akwati ba. Kowa ya juya ga Kaka Ƙarami. Ya daɗe yana murza kan sandarsa, sannan ya ce wa Kawu, "An ce mamaci ne yake bayarwa, ko ba haka ba? To, tsakanin kai da yarinyar nan, wa ya ji daga bakinsa? Ku tattaro su."

Aka tara hotunan a faifai aka ajiye a gabana. Na ce a ba ni ruwa da sabulu. Wasu suka yi dariya, amma tsofaffin reluwe ba su yi ba. Na zauna a tabarma na fara. Ban ɗaga kai ba, hoton kawai nake kallo ina faɗin abin da na ji. Wannan Mai Tari ne, direbansa ga shi can cikin tsofaffin reluwe, Baba mai sanda, wanda yake gasa doya a bakin wutar jirgi. Tsohon ya taso yana cewa, "Har doyar ya gaya mata!" Wannan Ɗan Gata ne, direbansa ya rasu, amma ga ɗansa can mai kanti. Mutumin ya karɓa ya ce bai taɓa ganin babansa a bakin aiki ba. Waɗanda masu su suke Zariya ko Makurɗi ko Inugu aka ware su gefe, tsofaffin suka ce za su ba direbobi su kai.

Da na zo kan na kwanar Kagoro na tashi na kai wa Baba Alhaji da kaina. Ya goge tabarau ya duba. Ga dizal ɗinsa, rana a goshinsa, dutse a baya, shi kuma ya leƙo ta taga da hannu ɗaya a sama.

"Ja'irin tsoho," in ji shi. "Ashe ya fito da ni da kyau." Ya ɗaga hoton ya nuna wa jama'a. "Ku shaida, kawo mini aka yi. Ban roƙa ba."

Har Anti Babba sai da ta yi dariya tana share ido.

Guda ɗaya ya rage a faifan. Jirgin tururi ne a wata ƙaramar tasha, tururi yana fita ta gefensa har ya rufe ƙafafun gaba, hayaƙi ya miƙe sama. Na juya shi, na sake juyawa. Ban taɓa ganinsa ba. Kaka bai taɓa fito da shi ranar Lahadi ba.

Na ce, "Wannan ban san mai shi ba."

Tsofaffin suka karɓa suna miƙa wa juna. Duk wanda ya kalla sai ya ba na kusa da shi. Da ya iso hannun Baba Alhaji sai ya kira ni.

"Zo, jikata. Dubi tagar. Wa kika gani?"

"Babu kowa."

"Wuta tana ci, tururi ya cika, jirgi yana shirin tashi. Kin taɓa jin an bar jirgi haka ba direba?"

Na girgiza kai.

"Direban sauka ya yi. Yana tsaye daidai nan inda idonki yake, ya cire hula."

Kaka Ƙarami ya karɓi hoton, bai tambayi kowa ba, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Ubangiji ya ba Kaka hutawa. Ya ta'azantar da Mama da Kawu da Anti, ya ƙara wa tsofaffin nan kwana da hasken ido. Da yamma suka tafi yadda suka zo, ta kan dogo, ana yayyafi, kowa ya dafe ƙirji da hannu ɗaya don kada ruwa ya taɓa jirginsa.